Saurayi ya nemi a yi masa dandaƙa don ya huta da sha'awa: amsar likitan tiyata

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 23, ban yi aure ba, kuma ba ni da halin yi nan kusa. Sha'awa ta addabe ni. Ina faɗawa kallon batsa da istimna'i, in tuba, in yi rantsuwa, bayan kwana biyu in koma. Wallahi na gaji da kaina. Na karanta a intanet cewa a ƙasashen waje akwai mazan da ke zuwa da ƙafarsu a cire musu 'ya'yan maraina, suna cewa sun samu natsuwa, har an ce waɗanda aka yi wa sun fi tsawon rai. Ni ma ina so. A ina za a yi mini, kuma mece ce illarsa? Idan asibiti ba sa yi, na ji ana iya yi a gida.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yaye maka wannan damuwa. Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka aikata, domin da yawa sai aikin gama ya gama muke ganinsu.

Kafin komai, maganar yi a gida ka cire ta daga ranka yau ɗin nan. Kada ka kusanci wurin da reza ko roba ko allura, kada kuma ka miƙa kanka ga wanzami, ko mai dandaƙar dabbobi, ko wani da kuka haɗu a intanet yana cewa ya ƙware. Dalilin na nan tafe. Ita kuma tiyatar asibiti, babu likitan kirki da zai cire wa lafiyayyen saurayi 'ya'yan marainansa saboda sha'awa ta dame shi, ni ma ba zan yi ba. Sai dai ba na so in ce maka a'a kawai in juya baya, domin wanda ya gaji irin gajiyarka, idan aka sallame shi ba bayani, wani wurin zai nufa.

Aiki biyu 'ya'yan maraina ke yi. Su ke ƙera ƙwayoyin haihuwa, su ke kuma samar da kusan kashi 95 cikin 100 na sinadarin testostiron da ke yawo a jinin namiji. Ɗan ragowar yana fitowa ne daga wasu ƙananan halittu da ke zaune a saman ƙoda. Mutane sun ɗauka amfanin testostiron a shimfiɗa ya tsaya, alhali ƙashi na buƙatarsa, tsoka na buƙatarsa, haka ɓargon da ke ƙera jini, haka ƙwaƙwalwa. A jikin lafiyayyen saurayi awonsa yakan kama daga wajen 300 zuwa 1000 a ma'aunin ɗakin gwaji. Idan aka cire duka biyun, kafin a kwana a tashi ya faɗi ƙasa da 50, kuma a nan zai zauna har ƙarshen rayuwa.

Abin da ke biyo baya mun san shi sarai. A 1941 Charles Huggins, wani likita a Shikago, ya nuna cewa sankarar furostet, ƙullutun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, tana lafawa idan aka yanke mata testostiron. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1966. Daga lokacin zuwa yau an yi wa maza masu ɗimbin yawa wannan tiyata, ko allurar da ke yin irin aikinta, mu ma muna yi wa dattijon da sankara ta riga ta kai masa ƙashi. Shi a wurinsa akwai riba, domin ciwo zai sassauta, ya samu ƙarin kwanaki cikin iyalinsa. Daga bibiyar lafiyar waɗannan dattawa muka tara mafi yawan abin da zan gaya maka.

Abin da ke fara zuwa, cikin makonni kaɗan, shi ne wani zafi mai tasowa daga ƙirji zuwa fuska, kuma fiye da rabinsu na fama da shi. Sai ka ga dattijo a layin ganin likita tsakiyar hunturu, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, shi kuwa ya tuɓe hula yana fifita da katin asibiti, gumi na tsiyaya daga goshinsa har wuyan rigarsa ya jiƙe sharkaf. Bayan minti biyu ko uku ya wuce, ya koma rawar ɗari. Da dare haka zai riƙa tashinsa daga barci. Wasu yakan lafa musu bayan shekaru, wasu kuwa suna tare da shi har ƙarshe.

Amma abin da ya fi damuna a kanka ƙashi ne, domin shi ba ya ciwo sai ranar da ya karye. Ƙashi rayayye ne, kullum jiki na rushe tsoho yana gina sabo. Testostiron, da ɗan abin da jiki ke juyawa daga cikinsa ya zama sinadarin istirojin, su ne ke daidaita rushewar da ginin. Idan suka tafi sai rushewa ta rinjaya, a shekarun farko mutum yana iya rasa kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na kaurin ƙashinsa duk shekara. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2005, a kan maza sama da 50,000 masu sankarar furostet, ya gano cewa cikin waɗanda suka kai shekara biyar bayan gano cutar, kusan kashi 19 cikin 100 na waɗanda aka yanke wa testostiron sun samu karaya, waɗanda ba a yanke wa ba kuwa kusan kashi 13. Ka lura, waɗannan tsofaffi ne da suka haura sittin, sun ci moriyar ƙashinsu. Kai naka ginin ma bai kammala ba, domin ƙashin namiji yana ci gaba da cika har zuwa dab da shekara 30. Za ka fara asara tun ba ka gama tarawa ba, ga shi in Allah ya yi tsawon kwana shekara hamsin ko fiye ke gabanka. Wani likita Bajamushe da ya auna babannin fadar Sin, wato dandaƙaƙƙun barorin sarki, su 31 a Beijin a 1930 ya tarar mafi yawansu bayansu ya ranƙwafa. Haka ƙashin baya ke yi idan ya zaizaye, yana lotsewa ɗaya bayan ɗaya.

Sauran zan bi ta kansu da sauri. Tsoka za ta zube, teɓa ta fito, haɗarin ciwon suga da yawan kitse a jini ya ƙaru, jini ya ɗan ragu, gajiya ta zama abokiyar zama. Nono kan yi girma ga wasu, gashin jiki da gemu su yi ƙaranci, gaba ya ƙanƙance. Murya kam ba ta sauyawa ga wanda ya riga ya balaga. Duk wanda ya taso a gidan da ake kiwo ya san dalilin dandaƙe bunsuru: ya zama taure, ya lafa, ya tara kitse. Lafawar ce kake hange. Amma taure ba ya tsufa a turke, shekara ɗaya ko biyu an kai shi kasuwa, ba wanda ya taɓa zama ya ga yadda ƙashinsa da zuciyarsa za su ƙare.

Natsuwar da ka karanta, ba zan ce ƙarya suke yi ba. Masu bincike irin su Richard Wassersug da Thomas Johnson sun yi wa irin waɗannan maza tambayoyi, sakamakon wani bincikensu ya fito a 2007, kuma da yawansu sun ce sun gamsu. Sai dai ka tambayi kanka su wa aka tambaya. Mutanen da ke cikin zaurukan intanet na masu wannan ra'ayi ne, waɗanda suka zaɓi su amsa da kansu. Wanda ya yi nadama ya fice daga zauren yana kuka a ɗakinsa, ba a ƙirga da shi ba. Kuma a cikin waɗanda suka amsa ɗin ma akwai masu kukan ciwon damuwa da kasala, akwai kuma da dama da suka koma shan sinadari daga baya. Abin da nake gani a wurin marasa lafiyata shi ne, sinadarin da ke tayar da sha'awa yana da hannu a himmar tashi da asuba a fita nema, da jure wahalar karatu, da jin daɗin abin da aka samu. Ba a zare ɗaya a bar ɗaya. Mutumin da dama yake cikin ƙunci da tsanar kansa kamar yadda ka bayyana, shi ne na fi jin tsoron ya dulmiya idan testostiron ɗinsa ya faɗi dare ɗaya.

Batun tsawon rai kuwa, daga wani bincike na 2012 ya samo asali, inda aka duba tsoffin takardun asali na babanni 81 na fadar Koriya, aka ga sun rayu kimanin shekara 70, sun ɗara takwarorinsu da shekara 14 zuwa 19. Bincike ne mai ban sha'awa, amma mutum 81 ne a takardun ƙarnonin baya, galibinsu tun suna yara abin ya same su, kuma ba a lissafa da waɗanda suka mutu wurin yankan ba. Ba hujjar da za a ɗora wa saurayin yau wuƙa a kanta ba ce. Mu ma tarihinmu ya san babanni, an ce Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya fara ba su sarauta a fada. Bayi ne da aka yi wa da ƙarfin tsiya, ba wanda ya nemi shawararsu.

Yanzu ga tarkon da masu yabon abin ba sa faɗa da ƙarfi. Duk likitan da ya ga saurayi babu 'ya'yan maraina, abin da zai fara yi shi ne ɗora shi a kan testostiron na roba don ya ceci ƙashinsa da jininsa: allura duk mako biyu ko uku, ko mai dogon zango duk mako 10 zuwa 14, ko man shafawa kullum, tare da gwajin jini lokaci zuwa lokaci, har ƙarshen rayuwa. Kuɗi ne ba kaɗan ba, ga fargabar jabu, ga ranar da za a neme shi a kemis a rasa. To da zarar an fara allurar, sha'awa za ta dawo. Ke nan hanya biyu ce rak. Ko ka ƙi allura ka zauna da zaizayar ƙashi da sauran abin da na lissafa, ko ka karɓa ka koma daidai inda kake a yau, da sha'awarka da wayarka, sai dai yanzu ba ka haihuwa.

Haihuwar kuwa ba ta da allura. Testostiron na roba ba ya ƙera ƙwayar haihuwa ko ɗaya, babu kuma dashen 'ya'yan maraina da ake yi wa mutane a asibiti. Na roban da ake sakawa a jaka don kyan gani ne kawai. Ana iya daskarar da maniyyi a ajiye kafin tiyata, muna ba samarin da ke da sankarar maraina wannan shawara, amma wuraren da ke yi kaɗan ne, ana biyan kuɗin ajiya, amfani da shi kuma sai ta hanyar dashen ciki mai tsada wanda ba kullum ake dacewa ba. Ka ce ba ka da halin aure nan kusa, ba ka ce ba ka son aure ba. Ranar da halin ya zo dole ka gaya wa yarinyar da iyayenta gaskiya, kuma a mazhabar Malikiyya dandaƙa na cikin aibubbukan da ke ba mace zaɓin raba aure idan an ɓoye mata.

Bayan duk wannan asara, ko abin da kake nema ma ba tabbas ba ne. A 1981 an buga wani bincike a kan fursunonin Jamus ta Yamma da aka dandaƙe da yardarsu bayan laifukan lalata. Sha'awarsu ta ragu ƙwarai, wannan gaskiya ne, amma 11 daga cikin 35 sun ce har lokacin suna iya saduwa. Ɗan testostiron ɗin da ke fitowa daga saman ƙoda yana nan, kuma abin da ƙwaƙwalwa ta gani ta haddace, wuƙa ba ta goge shi.

A nan nake so ka tsaya da ni, domin ina ganin ka kama wanda ba shi ne ɓarawon ba. Saurayi ɗan 23 ya ji sha'awa kullum, ya farka da asuba gabansa a miƙe, ya yi mafarki, duk wannan alamar lafiya ce, haka Allah ya gina jikin. Abin da ke azabtar da kai zagaye ne. Dare ya yi, kai kaɗai a ɗaki, ga damuwar rashin aiki ko ta karatu, ga waya a hannu. Ka kalla, ka samu sauƙi na minti kaɗan, sai nadama ta rufe ka, ka yi rantsuwa mai nauyi, ka tsani kanka. Tsanar kan nan ita kanta damuwa ce, kuma ƙwaƙwalwarka ta riga ta koyi hanya ɗaya tak ta kashe damuwa, sai ta mayar da kai can. Mafi yawan masu wannan hali ba su fi sauran maza testostiron ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kasa riƙe kai a harkar sha'awa cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, ta kuma yi gargaɗin cewa jin laifi kaɗai saboda tarbiyya ko addini bai isa a ce mutum na da cutar ba. Ma'ana, sai an zauna da kai an tantance: ɗabi'ar ce ta fi ƙarfinka, ko kuwa waswasi ne ke hura abin har kake ganin kanka mafi lalacewar halitta? Bari in ƙara maka da wannan, domin tsoro ma na ciyar da zagayen: hukuncin istimna'i a addini na malamai ne, amma a likitance ba ya ƙarar da maniyyi, ba ya hana haihuwa, ba ya makantarwa.

Tun da tsoron Allah ne ya kawo ka nan, ka sani tambayarka ta riga ta je gaban wanda ya fi kowa cancantar amsa ta. Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya hana Usman ɗan Maz'un ƙaurace wa aure don ibada, ya ce da an yi masa izini da sun dandaƙe kansu. Abdullahi ɗan Mas'ud ya ce suna fita yaƙi babu matansu, suka nemi izinin dandaƙa, aka hana su. Duka biyun suna cikin Buhari da Muslim. Wanda ya fi kama da naka shi ne na Abu Huraira, da ya zo ya ce shi saurayi ne, yana tsoron faɗawa alfasha, kuma ba shi da abin yin aure. Ya yi ta maimaitawa ana yi masa shiru, daga ƙarshe aka ce masa alƙalami ya riga ya bushe a kan abin da zai gamu da shi, ko ya yi dandaƙar ko ya bari. Malamai irin su Ibn Hajar sun bayyana cewa wannan tsawatarwa ce, ba izini ba. Ka dubi yadda rayuwar wannan saurayi ta kasance: ya auri Busra 'yar Gazwan, matar da a da yake yi wa aiki don abin da zai ci, ya haifi 'ya'ya, ya yi gwamnan Bahrain a zamanin Sayyidina Umar. Maganin da aka ba samari shi ne aure ga mai hali, azumi ga marar hali, abin da ake yi a sha ruwa da magariba jiki na nan yadda aka halicce shi. Shari'a ta sa cikakkiyar diyyar rai, raƙuma 100, a kan wanda ya lalata wa mutum 'ya'yan maraina biyu. Kiristoci ma tun taron Nikiya na shekarar 325 suka hana wanda ya dandaƙe kansa zama limamin coci. A 2020 jihar Kaduna ta mayar da dandaƙa hukuncin wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Ƙanena, wannan ne hukuncin da kake shirin yanke wa kanka a kan zunubin da ƙofar tubarsa ke buɗe dare da rana. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle naka da bai ruɓe ba.

Sai shekarunka. Sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai auna gobe da taka wa zuciya burki, bai gama nuna ba sai wajen shekara 25. Ba raini ba ne, halitta ce. Jamus, wadda ta yi dokar dandaƙa bisa yarda a 1969, ta sa sharaɗin sai mutum ya cika 25, sai kuma kwamitin ƙwararru ya bincike shi. Wani dogon bincike a Amurka da aka buga a 1999 ya bi matan da aka ɗaure wa hanyar haihuwa da yardarsu har shekara 14. Waɗanda aka yi wa suna da shekara 30 ko ƙasa, kusan kashi 20 cikin 100 sun yi nadama, waɗanda suka haura 30 kuwa kusan kashi 6. Su ma ranar da suka sa hannu sun tabbata ba za su sauya ra'ayi ba. Mutumin da zai rayu da wannan hukunci magidanci ne ɗan arba'in mai irin sunanka, kuma ba ya nan balle a ji ta bakinsa.

Ba kowane mai wannan tunani ne irinka ba, kuma na san wasu za su karanta amsar nan da ba su rubuto ba. Akwai wanda aka ci zarafinsa yana yaro, ya taso yana ƙyamar al'aurarsa. Binciken su Wassersug ya ga cin zarafi a yarinta, da barazanar iyaye ta cewa za a yanke wa yaro gaba, da tsananin tsoratarwa a kan sha'awa, da kallon dandaƙar dabbobi, suna yawan maimaituwa a tarihin waɗannan maza. Akwai wanda ciwon maraina ya hana shi sakat shekara da shekaru. Shi ya sani cewa cirewa sau da yawa ba ta raba mutum da ciwon, kuma akwai ƙaramar tiyatar da ake yi wa jijiyoyin da ke ɗaukar zafin a bar ɗan marainan. Akwai wanda tun ƙuruciya yake jin wannan sashe ba nasa ba ne, ko jikin namiji gaba ɗaya bai dace da shi ba. Wannan hali likitoci sun san shi, yana buƙatar doguwar tattaunawa da ƙwararre cikin sirri da mutunci. Akwai wanda ke jin sha'awarsa na karkata ga yara yana tsoron ya cutar da wani. Ya je wurin likitan ƙwaƙwalwa tun bai taɓa kowa ba, akwai magani da kulawa. Sannan akwai wanda ke jin murya tana umartarsa ya yanke, ko yake ganin an yi masa ishara a mafarki, musamman in ya kwana biyu ba barci ko yana ta'ammali da wiwi ko ƙwaya. Wannan na gaggawa ne, a kai shi asibiti yau, kada a bar shi shi kaɗai. Haka duk wanda tunanin kashe kansa ya fara ziyarta.

Ga dalilin da na ce zan kawo maka game da yi a gida. Jijiyar da ke kai jini ga kowane ɗan maraina ta taso ne kai tsaye daga babbar jijiyar da ta fito daga zuciya, a can sama kusa da ƙoda. Idan aka yanke ta ba a ɗaure yadda ya kamata ba, takan janye ta shige cikin mara inda hannu ba ya kaiwa, ta ci gaba da zuba a ciki. An taɓa kawo mana wani saurayi cikin dare a naɗe da zanin gado, leɓunansa sun yi fari fat, tafin hannunsa sanyi ƙalau, jakar marainan ta kumbura ta yi baƙi da gudajin jini. Mahaifinsa na ta kiran 'yan'uwa a waya ana neman wanda jininsa ya dace, mu kuma sai da muka buɗe mara kafin muka kamo bakin jijiyar. Ya rayu da ƙyar, kuma daga baya aka gano ciwon ƙwaƙwalwa ne da magani ke iya kwantarwa. Wanda ya tsira daga zubar jini kuma ga ruɓewar fata mai cin wurin cikin kwana ɗaya ko biyu, ga tetanus mai sarƙe haƙora. Masu tallar kansu a intanet kuwa, a watan Mayun 2024 wata kotu a Landan ta yanke wa Marius Gustavson, ɗan asalin Norwe, ɗaurin rai da rai, ba zai fita ba sai ya yi aƙalla shekara 22. Shi da mutanensa suna yi wa maza irin wannan yanka a ɗakuna, suna ɗaukar bidiyo suna sayarwa. Yardar waɗanda aka yanka ba ta cece shi ba.

Abin da ke aiki ya fi wannan sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai yana son haƙuri. Akwai jinyar zama a yi magana da ƙwararre, inda za ku bi zagayen nan daki-daki, ku gano lokaci da wuri da halin zuciyar da ke jefa ka, ku sa wani abu a gurbinsa. Akwai magungunan ciwon damuwa da na waswasi waɗanda ke rage ƙarfin sha'awa da naci na tunani, kuma idan aka daina su galibi jiki na komawa yadda yake. Likita ne zai zaɓa ya kuma riƙa duba ka. Kada ka je kemis neman allura ko ƙwayar kashe testostiron da kanka. Illarsu ga ƙashi iri ɗaya ce da ta tiyata, ɗaya daga cikinsu ma na taɓa hanta, har hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi a 2020 saboda ƙullutun da yake haddasawa a rufin ƙwaƙwalwa. Haɗe-haɗen kashe sha'awa na bakin kasuwa su ma ka bar su, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba.

Daga yau wayarka ta riƙa kwana a wani ɗaki, ko a hannun wani. Idan da hali ka daina kwana kai kaɗai. Ka gajiyar da jikinka da rana, ƙwallo ko gudu ko aikin ƙarfi. Ka daina rantsuwar ba zan ƙara ba har abada, domin duk wadda ta karye tana ƙara maka tsanar kai. Idan ka zame ka yi wanka, ka yi istigfari, ka ci gaba da harkarka. Ka nemi babba ɗaya mai riƙe sirri, yaya ko kawu ko malamin da ka san yana da sauƙin kai, ka gaya masa, ka kuma buɗe masa maganar aure, domin sau da yawa abin da saurayi ke gani ya fi ƙarfinsa dangi na iya sassauta shi idan sun san halin da ake ciki.

A cikin makon nan ka je asibiti. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai asibitin Dawanau a Kano, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Zuwa can ba ya nufin hauka, yawancin masu zuwa da ƙafarsu suke zuwa su koma bakin aikinsu. Idan kunya ta ɗaure maka baki, ka rubuta a takarda ka miƙa wa likita, kada ka rage komai. In an ba ka magani, yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin a ga aikinsa, kada ka ajiye shi a mako na biyu ka ce bai yi ba. In kuma wanda ka fara gani ya yi maka dariya ko ya sallame ka da faɗa, ka nemi ganin wani likitan.